Kyanwa a Gidan Musulmi: Tarihi, da Wata Gardama Tsakanina da Uwargida



Godiya ta tabbata ga Allah Maɗaukakin Sarki, wanda Ya halicci dabbobi, Ya ɗora mana amanar waɗanda muka riƙe daga cikinsu. Tsira da aminci su ƙara tabbata ga Annabin rahama, Muhammadu (SAW), da iyalan gidansa da sahabbansa, da duk wanda ya bi sawunsu har zuwa ranar sakamako.

Bayan haka, ya 'yan'uwana matasa, maganar da nake tafe da ita a yau ƙarama ce a ido, domin kuwa magana ce a kan kyanwa, wadda wasunmu ke kira mage, wasu kuma mussa. Sai dai wannan ƙaramar magana ta hana ni da uwargida sakewa da juna har kusan mako biyu, ta kuma mayar da ni cikin littattafan hadisi da na tarihi ina neman hujjar da zan kayar da ita. Abin da na samo a can ya saɓa wa abin da na je nema, shi ya sa na ga ya dace in kawo muku shi, musamman ku da kuka yi aure kwanan nan, ko kuke shirin yi.

Mafarin Zance

A daminar bara na buɗe kwalin da nake ajiye littattafai a zaure, ina neman juzu'i na biyu na sharhin Zarƙani a kan Muwaɗɗa, sai na tarar ɓeraye sun riga ni. Sun cinye gefen littafin tun daga bango har kusan tsakiya, sun kuma yi sheƙa da takardun darussan da na rubuta tun ina jami'a. Na ɗana tarko, ya kama biyu, sauran suka gane shi. Maganin ɓera kuwa ban yarda in zuba ba, saboda muna da yaro ɗan shekara biyu mai kai komai baki, ga kajin uwargida suna kiwo a tsakar gida.

Ana cikin haka sai wani ɗalibina a Islamiyya ya ce kyanwarsu ta haihu 'ya'ya huɗu, mahaifiyarsa tana neman mai so. Nan take na ce ya ajiye mini ɗaya. Ban ko tsaya na tuna cewa ba ni kaɗai nake zaune a gidan ba.

Bayan sallar isha'i na gaya wa uwargida, ina tsammanin albishir na kawo. Ta ajiye ludayin da ke hannunta ta ce, "Malam, kyanwa kuma? A gidan nan?" Daga nan ta jero dalilanta. Tun tana ƙarama kukan kyanwa da dare yake firgita ta. Ba ta iya cin abincin da ta ga gashi a ciki. Tana da 'yan tsaki goma sha ɗaya waɗanda take sa ran sayarwa kafin Sallah. Tana kuma da juna biyu, an gargaɗe su game da kashin kyanwa a wurin awon ciki. A ƙarshe ta ce, "Kai kana fita tun da hantsi sai bayan magariba. Wa zai ba ta abinci, wa zai kwashe ƙazantarta?"

Maimakon in amsa ko da ɗaya daga cikin tambayoyinta, sai na shiga jawo hadisai kamar ina gaban aji. Ta bari na gama, sannan ta ce, "Ni fa ban ce haramun ba ce, Malam. Cewa na yi ba na so." Na kwana ina ganin ƙarancin hujja ne ya sa ba ta sallama ba, na ƙudura zan ƙaro.

Kafin Zuwan Musulunci

Zaman kyanwa da ɗan Adam ya daɗe ƙwarai. A shekarar 2004 masu binciken kayan tarihi suka bayar da labarin wani kabari da aka tono a tsibirin Ƙubrus, mai kimanin shekara 9,500, wanda aka binne mutum da kyanwa kusa da juna. Asalinta kyanwar daji ce irin ta Arewacin Afirka da Gabas ta Tsakiya, kuma abin da ya jawo ta gidajen mutane shi ne abin da ya sa ni nemanta: inda aka tara hatsi a rumbu ɓera zai zo, inda ɓera ya zo kuwa kyanwa za ta biyo shi.

Mutanen Misira na zamanin Fir'auna sun wuce gona da iri a kanta. Suna da abar bauta mai kan kyanwa wadda suke kira Bastet, da babban ɗakin bautarta a garin Bubastis, wanda kufansa ke kusa da birnin Zagazig na yau. Suna naɗe gawar kyanwa da tsumma kamar yadda suke yi wa manyansu. Da masana suka haska waɗannan gawawwaki da na'urar hoton ƙashi, sai suka tarar da yawa daga cikinsu ƙanana ne, an karya musu wuya da gangan domin a sayar wa masu ziyara su yi baiko da su. Ka ga an bauta mata, amma ba a ji tausayinta ba. A shekarar 1888 aka tono dubbai daga cikinsu a Bani Hasan, daga baya aka yi lodinsu a jirgin ruwa zuwa Ingila aka yi takin gona da su.

A Madina

Musulunci bai ɗaukaka kyanwa zuwa matsayin abar bauta ba, bai kuma ƙasƙantar da ita zuwa abar ƙyama ba. Matsayin abokiyar zaman gida ya ba ta. Imamu Malik ya kawo a cikin Muwaɗɗa, haka ma Abu Dawuda da Tirmizi da Nasa'i da Ibnu Majah, cewa Kabshatu 'yar Ka'abu bin Malik ta zuba wa surukinta Abu Ƙatada (RA) ruwan alwala, sai kyanwa ta zo za ta sha, ya karkata mata mazubin har ta ƙoshi. Da ya ga Kabshatu tana kallonsa cikin mamaki, sai ya sanar da ita cewa Manzon Allah (SAW) ya bayyana kyanwa ba najasa ba ce, tana daga cikin masu kai da kawo a tsakanin mutanen gida. Malamai sun lura cewa irin wannan siffa ce aya ta 58 ta Suratun Nur ta ba wa yara da masu hidima, waɗanda aka sassauta musu neman izinin shiga saboda yawan shigarsu da fitarsu.

Daga wannan hadisi Malikiyya da Shafi'iyya da Hambaliyya suka ɗauki cewa sauran ruwan da kyanwa ta sha mai tsarki ne, ana alwala da shi, Imamu Abu Hanifa kuma ya ga karhanci a cikinsa. Amma a kula, fitsarinta da kashinta najasa ne a wurin mafi yawan malamai, dole a wanke su daga tufa da wurin salla. Wannan ɓangare na hukuncin ban ambata wa uwargida ba a daren farko, alhali shi ne ya fi shafar ta.

Babu sahabin da sunansa ya haɗu da kyanwa kamar Abu Huraira (RA), mutumin ƙabilar Dausi, wanda ya iso Madina a shekara ta 7 bayan Hijira, shekarar Khaibara, kuma aka ƙidaya masa hadisai 5,374. "Huraira" da Larabci 'yar ƙaramar kyanwa ce. Tirmizi ya ruwaito daga bakinsa cewa yana kiwon tumakin danginsa, yana da 'yar kyanwa wadda yake ɗora ta a kan bishiya da dare, da rana kuma ya tafi da ita yana wasa da ita, daga nan laƙabin ya bi shi har ya rufe sunansa na yanka. Na tsaya a kan wannan ruwaya na daɗe. Shi ne yake nema mata makwanci da dare, shi ne yake ɗaukar ta da rana. Bai bar wa kowa ɗawainiyarta ba.

Sai hadisin da ya fi kowanne nauyi a wannan babi, wanda Bukhari da Muslim suka fitar daga Abdullahi bin Umar (RA): wata mace ta shiga wuta saboda kyanwar da ta tsare har ta mutu, ba ta ciyar da ita ba, ba ta kuma sake ta ta nemi ƙwarin ƙasa da kanta ba. Hafizu Ibnu Hajar, wanda ya rasu a shekara ta 852 bayan Hijira, ya kawo a Fathul Bari cewa ana fahimtar halaccin riƙe kyanwa daga wannan hadisi, matuƙar ba a yi sakaci da cinta da shanta ba. Ashe hujjar halacci da gargaɗin azaba a cikin nassi ɗaya suke zaune. Wanda bai ajiye kyanwa ba, babu laifi a kansa ko kaɗan. Wanda ya ajiye ta kuwa ya buɗe wa kansa wani babi na hisabi wanda da babu shi.

Abin da Bai Inganta ba

Kafin in ci gaba, akwai labarai biyu da ke yawo a intanet waɗanda ya kamata in ja hankalinku a kansu, domin ni ma na so in kafa hujja da su. Na farko shi ne cewa Annabi (SAW) yana da kyanwa mai suna Mu'izza, wai ta yi barci a kan hannun rigarsa, ya yanke hannun rigar don kada ya tashe ta. Wannan labari babu shi a cikin littattafan hadisi, ba shi da isnadi. Wanda malaman tarihi suka jingina wa yanke hannun riga saboda kyanwa shi ne Shaihu Ahmad ar-Rifa'i na ƙasar Iraƙi, wanda ya rasu a shekara ta 578 bayan Hijira, kamar yadda Imamu Zahabi ya ambata a tarihinsa. Na biyu shi ne zancen da ake cewa son kyanwa yana daga cikin imani. Malaman hadisi, irin su Sagani da Mulla Aliyu al-Ƙari, sun lissafa shi cikin hadisan ƙarya. Kyawun manufa ba ya halatta jingina wa Annabi (SAW) abin da bai faɗa ba, don haka a yi hattara kafin a tura wa wasu.

Haka nan camfin da ke tsakaninmu cewa duk baƙar kyanwa aljana ce ko mayya. Gaskiya ne wasu malamai, har da Ibnu Taimiyya, sun ambaci cewa aljani yana iya rikiɗa da siffar dabba, har da baƙar kyanwa. Amma wannan bai ba kowa izinin ya jefi dabbar Allah ko ya ƙona ta a kan zato ba. Kariyar Musulmi tana cikin azkar na safe da yamma da na kwanciya barci.

Bagadaza da Misira

Da daular Musulunci ta faɗaɗa, kyanwa ta shiga littattafan malamai. Al-Jahiz na Basra, wanda ya rasu a shekara ta 255 bayan Hijira, ya yi dogon bayani a kan halayenta a cikin Kitabul Hayawan, haka ma Damiri na Misira, wanda ya rasu a shekara ta 808, a cikin Hayatul Hayawan.

A Bagadaza an yi wani mawaƙi makaho da ake kira Ibnul Allaf, wanda ya rasu wajen shekara ta 318. Yana da muzuru wanda ya saba shiga ɗakunan tattabarun maƙwabta yana cin 'ya'yansu, har abin ya ishe su suka kama shi suka kashe. Ibnul Allaf ya yi masa waƙar makoki wadda ta shahara a adabin Larabci. Wasu malaman tarihi sun ce da yarima Ibnul Mu'utazz yake, wanda aka kashe a shekara ta 296, ya fake da muzuru saboda tsoron hukuma. Ko ma dai da wa yake, da na karanta labarin sai 'yan tsakin uwargida suka faɗo mini a rai. Tsoron da ta bayyana ya girme mu da fiye da shekara dubu, kuma a Bagadaza ma ya jawo ɓacin rai tsakanin maƙwabta. Bahaushe yana cewa zakaran da Allah Ya nufa da cara, ana muzuru ana shaho sai ya yi. Haka ne, amma wannan ba dalili ne na kai muzuru bakin akurki ba.

A Misira kuma akwai ƙissar malamin nahawu Ibnu Babshaz, wanda ya rasu a shekara ta 469. Aikinsa shi ne duba wasiƙun da ke fita daga fadar Faɗimiyyawa yana gyara Larabcinsu, ana biyansa albashi mai kauri. Ibnu Khallikan ya hakaito cewa wata rana yana cin abinci da abokansa a kan rufin masallaci, sai wata kyanwa ta zo suka jefa mata loma, ta ɗauka ta tafi, ta dawo, suka sake jefa mata, ta sake tafiya, har abin ya yi yawa suka san ba ita kaɗai ke ci ba. Da suka bi ta, sai suka tarar tana kai wa wata makauniyar kyanwa ce a cikin wani kango. Ibnu Babshaz ya yi tunanin cewa Ubangijin da Ya hore wa makauniyar dabba mai kawo mata abinci ba zai tozarta shi ba, ya ajiye aikin fada ya koma ga ibada da karatu.

Amma labarin da ya sauya mini tunani shi ne na Sarki Zahir Baibars, Sarkin Mamalik da ya mulki Misira da Sham daga 1260 zuwa 1277, ɗaya daga cikin kwamandojin da suka karya Mongol a yaƙin Ainu Jalut a 1260. Wannan jarumi ya yi wakafin wani lambu kusa da masallacinsa a arewacin Alƙahira, aka riƙa kiransa Lambun Kyanwa, domin a riƙa ciyar da kyanwoyin gari marasa masu su daga abin da lambun ke samarwa. Fiye da shekara 550 bayan rasuwarsa, wani Bature ɗan Ingila, Edward William Lane, wanda ya zauna a Alƙahira ya kuma wallafa littafi a kan al'adun mutanenta a 1836, ya tarar wakafin ya lalace saboda sakacin masu kula da shi, amma al'adar ba ta mutu ba. Alƙalin alƙalai ne ya ɗauki nauyin, kullum da la'asar ana kawo kayan ciki a zuba a harabar kotu, kyanwoyi su taru su ci.

Ku duba da kyau. Baibars bai tara kyanwoyi a fadarsa ba, alƙalin ma bai kai su ɗakin matarsa ba. Sun ciyar ba tare da sun mallaka ba, suka sami ladan rahama ba tare da sun takura wa kowa ba. Wannan ɗabi'a har yanzu tana nan a biranen Musulmi irin su Istanbul, inda ake ajiye ruwa da abinci a bakin shaguna da masallatai. Da yawanku kuma kun ga hoton bidiyon limamin nan na Aljeriya a Ramadan ɗin 2023, wanda kyanwa ta hau kafaɗarsa yana tsakiyar karatun tarawihi, ya shafa ta ya ci gaba da sallarsa.

Na Koma ga Dalilan Uwargida

Da na gama da tarihi, sai na ɗauki dalilanta ɗaya bayan ɗaya, abin da ya kamata in yi tun daren farko.

Game da juna biyu, gaskiya ta faɗa. Akwai wata ƙwayar cuta mai suna Toxoplasma, wadda aka gano a Tunis a 1908, aka kuma tabbatar wajen 1970 cewa a hanjin kyanwa take hayayyafa, tana fitowa a cikin kashinta. Mafi yawan mutane ba ta yi musu komai, amma idan mace ta kamu da ita karon farko tana da ciki, tana iya cutar da ɗan tayi a ido ko ƙwaƙwalwa, ko ta jawo ɓari. Shawarar likitoci ita ce kada mai ciki ta kwashe kashin kyanwa, a kuma riƙa kwashe shi kullum, domin ƙwayar tana ɗaukar kwana ɗaya zuwa biyar kafin ta zama mai kamawa. Sukan kuma ce mai ciki ta guji ɗauko sabuwar kyanwa, musamman ƙarama. Ana kamuwa da cutar ta hanyar naman da bai dahu ba da ganyen da ba a wanke ba, saboda haka a kula da waɗannan ma.

Game da gashi, abin da ake faɗa cewa yana sa tarin fuka ba haka yake ba, domin tarin fuka ƙwayar cutarsa daban take, mutum ne ke ɗauka daga mutum ta iska. Abin da ya tabbata shi ne wasu jikinsu ba ya karɓar wani sinadari da ke cikin miyau da fatar kyanwa, yana sa su atishawa da ƙaiƙayin ido, yana kuma tayar wa mai asma ciwonsa. Sannan kyanwa tana iya ɗaukar ciwon haukan kare, don haka wanda zai riƙe ta sai ya kai ta wurin likitan dabbobi a yi mata allurar rigakafi.

Ni ma dalilina ba na banza ba ne. Ɓera ba littafi kawai yake ci ba. Zazzaɓin Lassa, wanda aka fara ganowa a 1969 a garin Lassa da ke jihar Borno ta yau, wani nau'in ɓera ne ke yaɗa shi ta fitsarinsa da kashinsa, kuma a bayanin da Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar a 2017 ta lissafa ajiye kyanwa cikin hanyoyin korar ɓera, tare da rufe hatsi da tsabtace gida.

Saura dalili ɗaya, wanda na fi raina shi: cewa ba ta so. Na so in kafa mata hujja da ruwayar Abu Dawuda cewa Nana A'isha (RA) ta ci daga wurin da kyanwa ta sa baki a abinci. Sai na tuna wani hadisi da nake karantar da yara, wanda Bukhari da Muslim suka fitar. An gabatar wa Annabi (SAW) gasasshen damo a ɗakin Nana Maimuna (RA), ya janye hannunsa. Khalid bin Walid (RA) ya tambaye shi ko haramun ne, ya amsa cewa ba haramun ba ne, sai dai babu shi a ƙasar mutanensa, ransa ba ya son sa. Khalid ya jawo ya ci, Annabi (SAW) yana kallo bai hana shi ba. To, idan mafificin halitta ya ƙyamaci halal saboda ɗabi'a, kuma wannan bai zama aibi ba, da wane dalili zan mayar da ƙyamar uwargida ta zama raunin fahimtar addini? Amsar da ta ba ni a daren farko, amsar ce da ke cikin hadisin nan, ni ne ban gane ba.

Ajiye kyanwa halal ne kawai, mai yi ba a zarginsa, mai bari ba a zarginsa. Kyautata zama da mace kuwa umarni ne a aya ta 19 ta Suratun Nisa'i, kuma gusar da cuta ƙa'ida ce daga manyan ƙa'idojin fiƙihu. Ɗalibin da ya karanta Ahalari ma ya san ba a barin wajibi saboda abin da yake halal kawai. Bugu da ƙari, da na kawo 'yar kyanwar da ƙarfin iko na fice na bar su, da na zalunci biyu: matar da za ta wuni da abin da take tsoro, da dabbar da za ta wuni a hannun wadda ba ta son ta. Ranar da aka manta da ita a kulle a zaure ba ruwa, ni za a tambaya, domin ni na kawo ta.

Yadda Muka Ƙare

Na sami uwargida na ba ta haƙuri a kan alkawarin da na yi ba da shawararta ba. Na kuma sami ɗalibina na ce ya gaya wa mahaifiyarsa na fasa, abin da ya yi mini nauyi a baki ƙwarai, domin malami ba ya son ɗalibi ya ga ya yi magana biyu. Littattafan na sayo musu akwatin ƙarfe, na toshe ramuka da siminti.

Sannan na nemi izininta a kan abu ɗaya, in bi hanyar Baibars gwargwadon ƙarfina. Na ajiye tsohon kwano da gwangwanin ruwa a bakin zaure ta waje, ina zuba ragowar abinci da kan kifi idan zan fita sallar asuba. Ta yarda bisa sharaɗi uku: ƙofar tsakar gida ta zauna a rufe, ni zan riƙa wanke kwanon da share wurin, kuma idan aka rasa ɗan tsako zan biya. Bayan 'yan kwanaki wata kyanwar unguwa mai ratsin toka ta gano wurin, ta mayar da zauren wurin hutunta na rana. Motsin ɓera ya ragu sosai, ko da yake ba zan iya raba aikinta da aikin siminti ba. An rasa ɗan tsako ɗaya, ba mu san ko ita ce ko shirwa ba, na dai biya.

Uwargida ta sauka lafiya, alhamdu lillahi. Har yau ba ta son kyanwa, idan ta gan ta a zaure takan tsaya sai na kore ta sannan ta wuce, ni kuma na daina jiran ranar da za ta so ta.

Nasiha ga 'Yan'uwa

Wanda yake sha'awar ajiye kyanwa, abokin zamansa kuma yana ja da baya, miji ne ko mata, ya fara tambayar dalili ya saurara har ƙarshe kafin ya buɗe littafi. Idan dalilin camfi ne, a warware shi da ilimi cikin taushi. Idan na lafiya ne, kamar ciki ko asma, a jinkirta, a tambayi likita. Idan na ɗawainiya ne, mai so shi zai ɗauki ciyarwa da shara da kuɗin magani, ya kuma tuna cewa kyanwa tana iya rayuwa fiye da shekara goma, tana haihuwa sau biyu ko uku a shekara, kuma zubar da 'ya'yanta a bola zalunci ne. Idan kuwa ƙyama ce ta ɗabi'a, to a girmama ta. In an daidaita za a kawo, ya fi kyau a nemi kyauta, domin Muslim ya ruwaito hani daga Jabir (RA) a kan kuɗin kyanwa. Mafi yawan malamai sun halatta cinikinta, sun ɗauki hanin a kan karhanci ko a kan wadda ba ta da amfani, amma Ibnu Hazm da Ibnul Ƙayyim sun tsaya a kan haramci, fita daga saɓani kuwa abin so ne.

Abin da na faɗa daidai daga Allah ne, kuskuren da ke ciki kuma daga gare ni ne, ina neman gafararSa. Wanda ya ga gyara ya sanar da ni, zan karɓa da godiya. Allah Ya sanya tausayi a zukatanmu ga iyalanmu da dabbobin da ke kewaye da mu, Ya zaunar da gidajenmu lafiya, amin.